Abin da malaman lissafi suka ce kan mayar da labari zuwa alamun rashin daidaito

Na tattara bayanan malamanmu na Bauchi a taƙaice.

1. Kowa ya yarda yaro ya fara rubuta abin da x ke wakilta kafin ya taɓa lamba.

2. Kalmomin ne ke kayar da yara. "Aƙalla" ≥ ne, "bai wuce ba" ≤ ne, "bai kai ba" kuwa <. Da yawa suna rikita na biyu da na uku.

3. Misalin da aka fi so: yaro ya tafi kasuwar Wunti da naira 5,000, kuɗin keke 600, littafin rubutu 700. In x ne adadin littattafan da zai iya saya, sai a rubuta 700x + 600 ≤ 5,000. Lissafi ya ba da 6 da ɗoriya, amma ba a sayar da rabin littafi, amsa 6 ke nan.

4. An rabu kan harshe. Wasu sun ce a yi bayani da Hausa, wasu sun ce WAEC da NECO da Turanci suke tambaya. Ni dai ina haɗa biyun.

5. Juya alama (kamar ≤ ta koma ≥) in an raba da lamba mai ragi, wato wadda ke ƙasa da sifili, an ce a bari sai sun ƙware a na farkon.