Hotunan biki sun goge a laftof, katin kamara kuma na riga na yi masa fomat

Mai Hoton Unguwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Ranar Asabar na ɗauki hotunan kamu da ɗaurin aure, na kwashe su daga katin kamara zuwa laftof, sannan na yi wa katin fomat, wato na goge duk abin da ke cikinsa, a cikin kamarar kamar yadda na saba. Jiya yaron shagona yana rage tarkace, ya haɗa da foldar bikin ya danna Shift da Delete. Na duba kwandon shara, wayam. Uwar amarya sai kira take tana tambayar albam, kuma biki ba a maimaita shi. Don Allah akwai yadda za a yi?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauwaƙe. Kafin komai ka kashe laftof ɗin, ka zare katin daga kamara. A gefensa na hagu akwai ɗan maɓalli, ka ja shi ƙasa ya kulle. Gogewa ba ta share hoton nan take, sunansa kawai ake cirewa daga rajista, a nuna gurbinsa babu kowa. Duk sabon abin da ya shiga zai iya hawa kansa, daga nan kuma sai haƙuri. Faɗa mini abu biyu: ma'ajiyar bayanan laftof ɗin SSD ce, sabon samfurin nan, ko HDD, tsohon nan mai faifai? Ka ƙara ɗaukar wani hoto a katin bayan fomat?

Mai Hoton Unguwa:
SSD ce, Windows 10. A katin kuma hotunan fasfo kaɗan na ɗauka da safen nan, Injiniya.

Injiniya Sabon Gari:
To, laftof ɗin kada ka sa rai sosai. SSD tana da wani tsari mai suna TRIM, Windows na sanar da ita guraben da aka goge, ita kuma ta share su da kanta ba da daɗewa ba. Katin ne abin dogaronka. Fomat ɗin da kamara ke yi yawanci na sama-sama ne, sai dai in ka zaɓi mai zurfin nan da ke cikin kamarorin Canon, wanda ke share katin gaba ɗaya. Hotunan fasfon sun cinye wani ɓangare, amma kaɗan ne.

Ka samu wata kwamfutar, ka sauke PhotoRec, manhajar dawo da hotunan da aka goge, kyauta ce, tare take zuwa da TestDisk. Ka sa katin a na'urar karanta kati, kada ka haɗa kamarar da waya. Idan ta tambayi inda za ta zuba abin da ta samo, ka nuna mata kwamfutar ko wata filash, ban da katin. Hotunan za su dawo babu sunayensu na asali, za ka ga irin f0123456.jpg birjik, har da na tsofaffin bukukuwa. Tana gane RAW ma, wato ɗanyen hoton kamara da ba a sarrafa ba, irin CR2 ko NEF. Ka bar ta ta gama, ko da za ta ɗau awanni.

Maman Ikram:
Malam, in baƙin allon PhotoRec ya rikita ka, gwada Recuva, ita da linzami ake aiki da ita. Ka kunna Deep Scan tunda an yi fomat. Kowane hoto za ka ga ɗigo a gefensa: kore lafiya lau, ja kuma wani abu ya riga ya hau kansa. Ka yi hattara da manhajojin da ke nuna maka hotunanka ƙanana-ƙanana, sai ka zo ajiyewa su ce ka biya dala.

Sannan a matsayina na uwa nake roƙonka, ka kira Hajiya uwar amarya yau ka gaya mata halin da ake ciki. Jin gaskiya daga bakinka ya fi mata sauƙi a kan a yi ta ce mata gobe. Ka ce ƙawayen amarya su riƙe abin da suka ɗauka a wayoyinsu kada su goge, musamman na kamu, ko da za a buƙaci cike giɓi.