Mene ne amfanin jam'iyya a zaɓen ƙananan hukumomi?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su haska mini wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Janairun 2021, lokacin da APC ke mulkin Kano, ita ce ta lashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484. A watan Oktoban 2024, bayan mulki ya koma hannun NNPP, ita ma ta kwashe su kaf. Jama'ar ba su sauya ba, mazaɓun ma suna nan yadda suke. Idan sakamako yana bin wanda ke gidan gwamnati ne, ashe bai fi dacewa kowa ya tsaya takara da sunansa ba, tunda a mazaɓa an san kowa da gidansu?

Malam Na-Zazzau:
Wa'alaikumus salam. An taɓa yin abin da kake nema a 1976 da 1987 da 1996, amma duka a ƙarƙashin mulkin soja. A yau sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa jam'iyyu neman ƙuri'a, saboda haka sai an yi masa gyara kafin ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya. Sai dai ni ban ɗora laifin a kan jam'iyyu ba. Matsalar tana ga alƙalin wasan, domin gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha, majalisar da galibi jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a cikinta ta amince da su, kuma daga baitulmalin jiha kuɗin aikinsu ke fitowa. Ka dubi Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen: a watan Fabrairun 2022, APC da PDP sun raba ƙananan hukumomi shida uku-uku, har PDP ta karɓe ta tsakiyar birnin, alhali APC ce ke mulkin ƙasa.

Hajiya Uwar Marayu:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma kada mu wanke jam'iyyun da sauri haka, domin tun kafin ranar zaɓe ake gama cin amanar talaka. A mazaɓarmu an tara mu da sunan fitar da gwani, muka zauna a kan tabarmi tun hantsi har la'asar, sai ga wani ya sauko daga mota da takarda a hannu, ya karanta sunan wanda aka ce an yi maslaha a kansa, mutumin da ko ta'aziyya ba ya zuwa a unguwar. Kansilan da ya samu kujera ta wannan hanya ya san wanda ya ba shi, kuma can biyayyarsa za ta tafi, ko da rijiyar burtsatsen unguwa ta shekara a lalace. 'Yan adawa ma suna da nasu kason laifin, domin da zarar an sa rana sai su ce sun ƙaurace, su bar magoya bayansu babu ko wakili a rumfar zaɓe.

Baba Zango Kumasi:
Ɗana Ɗan Gwale, mu a Ghana tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara a zaɓen majalisun gundumomi, amma duk wanda ke unguwa ya san ɗan takarar da jam'iyyar NPP ke mara wa baya da wanda jam'iyyar NDC ke ɗaukar nauyinsa a ɓoye, wato manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Shugaban gunduma kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 domin a bar jam'iyyu su shigo fili, sai aka soke ta ana saura makonni kaɗan.

Malam Na-Zazzau:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma yanzu ta ƙara nauyi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta haramta naɗa kantomomi, ta kuma ce a riƙa tura wa zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihohi da dama sun yi rige-rigen shirya zaɓe bayan hukuncin, kuma kusan ko'ina ɓangaren gwamna ne ya share kujerun. Shi ya sa nake goyon bayan a miƙa zaɓen ga INEC, a kuma tilasta wa jam'iyyu yin zaɓen fitar da gwani na 'yar tinƙe a kowace mazaɓa, a ƙirga mutane a kan layi a gaban idon kowa.