Idan sa'o'inka suka yi maka nisa: musayar gogewa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa ganin sa'o'insu, waɗanda suka fara karatu ko sana'a tare, sun yi musu nisa, su faɗa mana yadda suka ɗauke ido daga kan wasu suka mayar da shi kan ci gaban kansu. Masanin halayyar ɗan'adam Leon Festinger ya bayyana tun 1954 cewa idan mutum ya rasa tabbataccen ma'aunin iyawarsa, yakan auna kansa da waɗanda suke kama da shi. Da wane ma'auni kuka maye gurbin wancan?

Wata mai ɗinki: Wa alaikumus salam, Malam. Wadda muka koyi ɗinki tare ta tara kekuna da 'yan koyo tun ina fama da keke ɗaya, kuma duk lokacin da na ga hoton aikinta sai in ji hannuna ya yi sanyi, har in kasa gama abin da ke gabana. Abin da ya taimake ni shi ne rigar farko da na ɗinka, wadda na adana. Nakan shimfiɗa ta kusa da sabon aikina, in juya su ta ciki, in duba kalmasa, in duba yadda wuya ya zauna da yadda zif ya kwanta. A tsohuwar, ɗinkin hannu ya tattare a hammata kuma zare ya yi tsalle a wurare da dama, a sabuwar kuwa layin ya miƙe. Wannan bambanci da idona nake ganinsa, kuma shi ke nuna mini abin da ya rage in gyara, abin da hoton shagon wata bai taɓa nuna mini ba.

Wani ɗalibi: Hajiya, maganarki ta taɓa ni. Rashin lafiya ya sa abokan karatuna suka kammala suka bar ni, kuma wayata ce ta fi ƙona mini rai, domin a Instagram ranar murna kaɗai mutane ke nunawa. Na karanta binciken da aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 2018, inda ɗaliban da suka taƙaita amfani da shafukan sada zumunta zuwa kimanin minti 30 a rana na tsawon mako uku suka samu raguwar kaɗaici da ƙuncin rai. Na gwada, sauran lokacin kuma na mayar da shi kan darasin da ya fi ba ni wuya.

Wani tsohon malami: Ɗana, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ban yarda a rufe ido gaba ɗaya daga wanda ya fi mu ba, domin a wurin abokin aikin da ya fi ni iya koyarwa na koyi yadda ake jan hankalin aji, bayan na nemi izini na zauna a bayan ajinsa ina kallon yadda yake yin tambaya ya jira amsa ba tare da gaggawa ba. Inda ido ya dosa shi ke da tasiri: masu binciken da suka nazarci fuskokin 'yan wasan Olamfik na Basalona a 1992 sun ga cewa masu lambar tagulla, wato waɗanda suka zo na uku, sun fi masu lambar azurfa, waɗanda suka zo na biyu, nuna farin ciki, saboda na biyu yana hangen zinaren da ya kuɓuce masa, na uku kuwa yana ganin saura ƙiris ya tashi hannu rabbana.

Mai ɗinki: Baba, na karɓi wannan gyara. Ƙawar tawa ta fi ni iya yanka, kuma zan je in roƙe ta ta nuna mini yadda take fitar da awon kafaɗa.