Maigida ya ce sai faks, ni kuwa na ce imel, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga aikin ofis. Wata huɗu ke nan da aka damƙa mini harkar takardu a wani ƙaramin kamfani mai sayo kayan gyaran injina daga waje. Mu tara ne. Abin da na tarar, kowa da imel ɗinsa na kansa yake magana da abokan ciniki, wasu kuma WhatsApp, ga tsohuwar na'urar faks, mai aika kwafin takarda ta layin waya, a lungu wadda maigida ya hana a taɓa. Makon jiya wani kamfani da muke sayen kaya wurinsa ya ce ya aiko mana sabon farashi tun wata biyu. Muka bi diddigi, ashe adireshin wani yaro da ya bar aiki suka tura wa. Ya tafi da imel ɗinsa da wasiƙun shekara uku. Na koma fayil ɗin faks in nemo tsohuwar yarjejeniya, sai ga takarda fara fat, ba abin da ya rage sai sa hannun biro. Na ce a jefar da faks ɗin, maigida ya ce ita ce shaida, imel kowa na iya ƙirƙira. Yana da gaskiya? Ta ina zan fara?

Wata tsohuwar sakatariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Takardar nan da kika gani ba tawada ce a jikinta ba tun farko. Zafi ne ke fito da rubutun, irin rasit ɗin na'urar cirar kuɗi, shi ya sa rana da daɗewa suke cinye shi. Mu a lokacinmu faks na shigowa sai a yi mata fotokwafi kafin ta shiga fayil. Waɗanda ake iya karantawa yanzu, ki sa su a sikana cikin makon nan, kada ki jira.

Amma kada ki ja da maigida kan na'ura, ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalarku ita ce wasiƙun kamfani ba a hannun kamfani suke ba. Ko da faks ɗin ta tafi yau, gobe wani ya ajiye aiki ya tafi da nasa kason. Abin da yake so a faks ɗan guntun rahoton nan ne da take fitarwa bayan an aika, mai lamba da lokaci da yawan shafuka. Ki sani, rahoton yana nuna na'ura ta karɓa ne kawai. Sau nawa na ga takarda ta kwana uku a kan tire ba wanda ya ɗaga, mai aikowa kuwa yana can yana rantsuwa ya aiko.

Wani mai harkar kwamfuta:
Hajiya ta gama magana, bari in ɗora. Ku yi rajistar sunan kamfaninku a intanet, ku buɗe imel a ƙarƙashinsa, ko ta Google Workspace ko Microsoft 365 ko makamantansu. Amfaninsa shi ne mabuɗin yana hannun kamfani. Wanda ya bar aiki, ranar za a rufe masa, a karkatar da saƙonninsa zuwa wanda ya gaje shi. Sannan ku buɗe adireshi na aiki, ba na mutum ba: ɗaya na oda, ɗaya na kuɗi, mutum biyu ko uku suna gani. Shi za ku buga a kan takardun kamfani. Kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da ta zo waya.

Batun faks kuwa akwai tsaka-tsaki. Akwai kamfanonin da ke ba da lambar faks ta intanet: a aiko muku faks, ta faɗo akwatin imel a matsayin PDF, ku ma ku aika daga kwamfuta, rahoton isarwa ya zo muku. Ki duba ko suna aiki a ƙasarku. Abu ɗaya, in kun taɓa mayar da layin wayar ofis ya zama na intanet, tsohuwar na'urar za ta riƙa yanke shafi a tsakiya, domin don layin waya na asali aka ƙera ta. Kuma Gmail ba ya barin a liƙa fayil ɗin da ya wuce megabait 25 a saƙon da za a aika, manyan kundin kaya sai dai a ɗora a ma'ajiyar intanet a tura mahaɗi.

Wani matashi:
Faks a wannan zamanin? Abin da Alexander Bain ya yi wa rajista tun 1843, kafin ma a ƙirƙiro tarho! Anti ki kai ta gidan tarihi kawai.

Wani mai shigo da kaya:
Ƙanena, imel ɗin ma ba yaro ba ne, tun 1971 Ray Tomlinson ya sa masa alamar @. Har yanzu ofisoshi da yawa a Japan da Jamus suna aiki da faks, haka asibitoci a Amurka. A Ingila sai a ƙarshen 2018 gwamnati ta hana hukumar lafiyarta sayen sababbi. In wanda kake sayen kaya wurinsa ya ce oda sai ta faks, kai ne mai buƙata, kai za ka bi. Malama, ki fara ƙirga kamfanoni nawa ne suka aiko muku faks cikin shekarar nan. In babu ko ɗaya, lissafin ya ishe ki hujja gaban maigida.

Wata akanta:
Ni zan ɗan kare maigida, don abin da yake tsoro ya kusa cin mu a inda nake aiki. Saƙo ya zo daga wani da muka daɗe muna hulɗa, da tambarinsu, da sunan wanda muka saba da shi, har da lambar odar da muke jira. Wai sun canja banki, a tura kuɗin sabon asusu. Na riga na cike takardar biya, sai wani abu ya ce mini in sake kallon adireshin. Inda ya kamata a ga harafin m, sun sa r da n manne da juna. A ƙaramin rubutu wallahi ba ki bambancewa. Na kira su ta lambar da ke tsohon fayil ɗinmu, suka ce ba su san zancen ba. Ashe an shiga akwatin wani ma'aikacinsu an daɗe ana karanta wasiƙunmu.

Tun ranar muka kafa doka: duk saƙon da ya ce an canja asusu, ko a biya da gaggawa, sai an kira ta lambar da muka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Amma ki faɗa wa maigida cikin ladabi, lambar da ke fitowa a saman takardar faks ma mai aikowa ne ke rubuta ta a na'urarsa, yana iya sa abin da ya ga dama.

Wani manajan ofis:
Ba wanda ya taɓo WhatsApp. Ba za ki iya hana shi ba, kada ki ɓata bakinki. Abin da muke yi, duk maganar da ta kai ga farashi ko adadi ko ranar kawo kaya, wanda ya yi ta zai bi da imel mai layi uku: kamar yadda muka yi magana yau, kaza da kaza, a tabbatar. Kan saƙon a sa lambar oda, ba "salam" ko "gaggawa" ba, don ranar nema. Takarda kuma a tura ta a matsayin fayil, in aka tura a hoto sai ya matse ta, ƙananan lambobi su dagule. Kuma in za ki sanar da abokan ciniki sabon adireshi, ki sa su a BCC, wato gurbin da ke ɓoye wa kowa adireshin sauran. Wani yaronmu ya taɓa jera su duka a CC, gurbin da ba ya ɓoye adireshi, kowane mai sayar mana da kaya ya ga sunayen abokan gasarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga kamar yadda Alhaji ya ce, kamfanoni biyu ne kacal, duk shekara shafi bai kai talatin ba. Na karanta wa maigida labarin r da n, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya amince da imel na kamfani, amma na'urar tana nan sai ya ga faks ta faɗo kwamfuta da idonsa. Saura yaron da ya tafi, ta yaya zan karɓo tsofaffin wasiƙun?

Tsohuwar sakatariyar:
Da lallami 'yata, akwatin nasa ne. Kada ki nemi kalmar sirrinsa. Ki ba shi sunayen kamfanonin, ki roƙe shi ya turo abin da ya shafe su zuwa sabon adireshin. In ya yi nauyin jiki, ki rubuta wa kamfanonin kai tsaye, kowannensu yana da kwafin abin da ya aiko.