Tambaya a kan na'urar Herbst da aka sanya wa ɗiyata

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin haƙori da iyayen da suka taɓa fuskantar irin wannan matsala.

Ɗiyata mai shekara 13 muƙamuƙinta na ƙasa ya ja baya, har haƙoranta na sama suka yi gaba sosai. Da farko an ba ta Twin Block, wata na'urar gyaran muƙamuƙi da ake sanyawa a baki kuma ake iya cirewa, amma kunyar ƙawaye ta hana ta sanya ta a makaranta. Saboda haka likita ya manna mata Herbst a haƙoran tauna, mai sandunan ƙarfe biyu da ke tura muƙamuƙin gaba dare da rana, ya ce gara a yi yanzu tun tana cikin girma, domin idan ƙashi ya gama girma, sau da yawa sai tiyata.

Yau wata 4 ke nan, sau 3 sandar dama tana zarewa idan ta yi hamma, kuma ƙarfen yana goge mata kumatu duk da kakin da muke liƙawa.

Shin wannan zarewar tana mayar da aikin baya? Kuma ya dace mu nemi a canja tsawon sandar, ko mu haƙura?