Su wa ake kira cima-zaune? Rigimar kenel 3.10

Mai_Riƙon_Manhaja: Jama'a, na gaji. Akwai ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da nake kula da ita kyauta. Na sanar cewa daga fitowa ta gaba sai kenel ɗin Linux (wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) 3.17 zuwa sama, don in riƙa kiran getrandom (aikin kenel mai samar da lambobin da ba a iya hasashensu) kai tsaye, in huta da zagayen tsohuwar hanyar /dev/urandom. Kafin gari ya waye ƙorafi ya cika min akwati, wai sabobinsu, wato kwamfutocin da suke ɗora manhajar a kai, na kan 3.10. Kenel ɗin 2013 fa! Ba sa turo gyara, ba sa gwaji, ko injin da zan gwada a kai ba su ba ni ba. Cima-zaune kawai. Wanda ke ɗauke da wahalar gwaji shi ke da ikon cewa ga inda tallafi ya tsaya.

Hajiyar_Saba: Malam, wa kake kira cima-zaune? Ni ke kula da sabobin CentOS 7, tsarin Linux mai kenel 3.10, a wurin aikinmu. Na rubuta takardar neman a sauya su, shugabanni suka ce babu kuɗi, manhajar lissafin da ke kai kuma ba ta tashi a sabon tsari. Tsakar dare ake tashina idan saba ta faɗi. Ka janye kalmar nan.

Mai_Riƙon_Manhaja: Hajiya, ba da ke nake ba, da kamfanoni nake.

Hajiyar_Saba: Kamfani ne ke rubuta ƙorafin ko mu ma'aikata?

Ɗan_Lasisi: Ai kai ka saka lasisin da ya ce kowa ya ɗauka ya yi amfani. Wanda ka gayyata cin abinci ba ya zama cima-zaune don ya zauna ya ci.

Mai_Riƙon_Manhaja: Lasisin nan dai ya ce babu garanti. Ka karanta shi har ƙasa, ɗan'uwa.

Tsohon_Hannu: Ku tsaya, yara. Lambar kenel ba ta faɗin duk abin da ke cikinsa. Red Hat, mai tsarin RHEL da CentOS ta samo asali daga shi, kan ɗauko sababbin gyare-gyare ta dasa a tsohon kenel, har getrandom ɗin ta saka a 3.10 nata tun RHEL 7.4. Ka kira shi kawai, in ya dawo maka da ENOSYS, wato babu aikin a kenel ɗin, sai ka koma tsohuwar hanya. A duba ko aikin na nan, a daina duba lamba.

Ɗan_Go: Cima-zaune ta yi tsauri, gaskiya. Mutanen Go, yaren rubuta manhaja, ma sun so su kafa 3.17, da aka yi magana suka sauko, 1.24 ta fito tana neman 3.2. Haka ake shugabanci.

Ɗan_Rust: Wane shugabanci? Rust, yarenmu na rubuta manhaja, ta koma 3.2 da glibc 2.17 (tarin ayyukan da manhajojin Linux ke dogaro da su) tun fitowa ta 1.64 a 2022. Ku kuna kan 2.6.32 ta 2009 har 1.23. Bin bayanmu kuka yi.

Ɗan_Go: To ku ba glibc kuka bi ba? Tun 2017 ta tsaya a 3.2. Kullum sai kun nuna ku kuka fara komai.

Ɗan_Rust: Mu dai ba mu sanar da abu mun dawo mun lashe amanmu ba.

Hajiyar_Saba: Har yanzu ban ga an janye ba.

Ɗan_Lasisi: Kuma mai kai rahoton matsala aiki ya yi. Shi ma gudummawa ce.

Mai_Riƙon_Manhaja: "Ba ta aiki, ku gyara" ba rahoto ba ne.

Shugaban_Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda cewa mai kula da manhaja ke da ikon yanke hukunci. CentOS 7 ta daina samun gyara tun 30 ga Yuni 2024, don haka mai zaune a kanta shi ya zaɓa wa kansa. Ni ma ina riƙe da manhaja, na san zafin abin. Kalmar ta ɗan yi kaifi amma akwai gaskiya a cikinta. Batun Go da Rust ku kai shi wani zauren.

Hajiyar_Saba: Yawancin su wa, ranka ya daɗe? Ƙirga ka gani. Kuma Baba Tsohon_Hannu ya kawo mafita, ko ambatonta ba ka yi ba.