Rantsuwar Kufra: musayar baituka kan sojojin Forlami (Injamena ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu

Jikan Soja, Injamena:

Bismillahi, zan waƙe mazan Forlami,
Da suka keta Sahara babu juyawa.
A 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus,
Gwamna Ebuwe ya ce Cadi ba ta durƙusawa.
Ran 26 ga Agusta ya bi bayan Janar Digol mai ƙin miƙa wuya,
Kafin maƙwabta su kai ga amsawa.
Leklar, hafsan Faransa, ya ja runduna ta garin Faya ya yi arewa,
Da igwa guda, ga ƙishi, ga yashi mai ƙonawa.
Ran 1 ga Maris 1941 Kufra, dausayi a Libiya, ta buɗe ƙofa,
Sojan Italiya suka fito suna sallamawa.
Kakana na cikin masu nasara da jar hularsa,
Da shi nake tinƙaho, ba na ɓoyewa.

Baba na Kusiri:

Ɗana, abin da ka faɗa ban musa ba,
Sai dai ba ka kai labarin ƙarshensa ba.
Washegari Leklar ya sa aka yi rantsuwa:
Ba ajiye makami in tutar Faransa ba ta hau birnin Istirasbur ba.
Ɗan ƙabilar Sara da ya baro gonar gero a kudancin Cadi,
Ya rantse kan garin da bai taɓa gani ba.
Suka ci Fezzan, suka isa Tarabulus,
Takalmi ya mutu, ƙafa ba ta tsaya ba.
A 1943 tankokin Amurka suka zo da sharaɗi,
Aka ce baƙar fata ba za ta hau ba.
Aka ware su, aka cike gurbinsu da farare,
Ko kunyar idon Kufra ba a ji ba.
Ran 23 ga Nuwamba 1944 tutar ta hau,
Mafi yawan masu rantsuwar ba su shaida ba.

Inna ta Marwa:

Baba, gafara dai, kun bi maza kan hanya,
Ni zan koma gida in duba tukunya.
Kawuna ya dawo da lambobi a ƙirji,
Da tari mai hana barci, ba lafiya.
In jirgi ya wuce sai ya kwanta rub da ciki,
Yara na dariya, matarsa na danne zuciya.
Littafin fanshonsa a naɗe cikin tsumma,
Can ƙasan adaka, shi ne babbar ajiya.
Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da kuɗin nan,
Na Bafaranshe na hawa, nasa na kwance kamar ruwan rijiya.
Harsashi bai tambayi launin kowa ba,
Sai ranar biya aka tuna da wariya.
Sai a 2011 aka daidaita su duka,
Kawu kuwa ya daɗe da barin duniya.

Malam na Garwa:

Inna, Allah ya jiƙan Kawu da irinsu,
Ku bar ni in waiwaya zamanin iyayensu.
Ran 22 ga Afrilu 1900 a Kusiri,
Rabe da Lami, kwamandan Faransa, rana guda ta ɗauke su.
Aka sa wa birni sunan Lami, Forlami, har 1973,
Baƙaƙen da suka faɗi tare da shi, ina sunansu?
A Dutsen Mora na Kamaru sojan Jamus baƙaƙe ne,
Har Fabrairun 1916 suna tsare da duwatsunsu.
Masu harbinsu daga Najeriya da Cadi suka zo,
Su ma baƙaƙe, Ingila da Faransa na jan su.
To, ɗana, tutar wa ake ɗagawa,
In ɗan Afirka na kashe ɗan Afirka dominsu?

Jikan Soja, Injamena:

Malam, tambayarka ta yi mini nauyi,
Amma ba za ta sa in sauke kai ba.
Mulkin da ya ɗora jinsi kan jinsi aka yaƙa,
Da ya ci, mu ma ba zai bar mu ba.
Faransa ta ci amana, na yarda da Baba,
Wannan bai rage jaruntar kakana ba.
Inna, littafin Kawu yana nan a adakar?
A duba mana rundunarsa, in asu bai ci ba.